Darasi Domin Iyali: Taimakon Matar da Ta Sha Wuya a Gidan Aure

'Yan'uwa cikin Almasihu, darasinmu na yau a kan wani abu ne da kowane ƙauye ya sani, amma ba a son faɗarsa a fili. Wato zancen matar da mijinta yake dukanta, ko yake hana ta abinci, ko ya kore ta da dare ita da 'ya'yanta. Za mu duba yadda za a tsirar da ita a ranar wahala, da yadda za a ciyar da ita har ta sami ƙarfi, da kuma yadda za a koya mata sana'a domin ta riƙe kanta. A karanta darasin nan maigida da uwargida suna zaune tare, da samari da 'yan mata waɗanda suka isa aure.

1. Saɓani daban, zalunci daban

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba gidan da ba a samun 'yar gardama, gama harshe da haƙori ma sukan saɓa. Irin wannan, haƙuri da neman gafara su ne maganinsa.

Zalunci kuwa wani abu ne daban. Mari da shuri da duka da sanda zalunci ne. Shaƙe wuya zalunci ne. Haka kuma mutum ya kulle rumbu ya tafi cin rani bai bar wa iyali ko tiya ɗaya ba, ko ya ƙwace abin da matar ta noma a gamanarta, ko ya hana ta zuwa likita tana ciwo, ko ya tilasta mata kwanciya da ƙarfi, ko ya riƙa zaginta kullum har ta ga kanta ba a bakin kome take ba. Alamarsa ita ce tsoro. Matar da gabanta yake faɗuwa in ta ji takun mijinta a ƙofar gida, tana cikin zalunci.

Abin nan ba na ƙasa ɗaya ba ne. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, cikin matan duniya masu shekara 15 zuwa 49 waɗanda suka taɓa zama da namiji, fiye da 1 cikin 4 ta taɓa shan duka ko tilastawa a hannunsa. A nan Nijar kuma, babban binciken lafiyar iyali na shekarar 2012 ya nuna wajen mata 6 cikin 10 sun yarda cewa miji yana da ikon dukan matarsa saboda wani dalili, kamar in ta ƙona abinci, ko ta fita ba ta gaya masa ba, ko ta yi masa gardama. Ashe har waɗanda ake duka ma an koya musu cewa daidai ne.

Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba. Waɗansu maza sun haddace Afisawa 5:22 a kan biyayyar mace, amma ba su ci gaba da karatu ba. Ayoyi 25 zuwa 29 sun umarci miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya, ya kula da ita kamar jikinsa. Wa ya taɓa ɗaukar sanda ya fasa kansa? Kolosiyawa 3:19 ta hana miji tsananta wa matarsa. 1 Bitrus 3:7 ta nuna cewa wanda bai girmama matarsa ba, addu'arsa za ta sami cikas. A 1 Timoti 3:3 kuma an hana ba mai saurin hannu aikin kula da ikkilisiya.

2. Me ya hana ta tashi?

Mutane sukan ce, in da abin ya yi tsanani ai da ta tafi. Mai faɗar haka bai yi lissafi ba. In ta tafi, ina za ta? Hatsi yana rumbun miji. Gonar da take nomawa ta dangin miji ce. In ta yi yaji zuwa gidan iyaye, sau da yawa su ma ba su da abin da zai kai su kaka, sai uban ya ce, "Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki." Tana kuma tsoron a raba ta da 'ya'yanta.

Binciken nan na 2012 ya nuna cewa mata 76 cikin 100 a ƙasarmu an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Yarinyar da aka fitar daga makaranta aka kai ta ɗaki, ba karatu, ba lissafi, ba sana'a, da me za ta ci da kanta? Don haka yunwa ce igiyar da take ɗaure mata da yawa a wurin da ake dukansu. Wanda yake so ya taimake su, tilas ya kula da zancen abinci da sana'a. Wa'azi kaɗai ba zai kwance igiyar nan ba.

3. Taimakon ranar fari

Ku tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10. Ya tarar da mutum kwance cikin jini. Bai tsaya binciken wanda ya fara faɗa ba. Ya ɗaure masa raunuka, ya kai shi masauki, ya biya dinari 2, ya yi alkawarin dawowa. Haka za mu yi in mace ta buga mana ƙofa.

Da fari, a shigar da ita, a ba ta ruwa da abinci, a bar ta ta yi magana. Mace ce za ta zauna da ita, matar fasto ko wata dattijuwa ta Zumuntar Mata. Kada a ce mata, "Ke me kika yi masa?" Tambayar nan takan rufe bakinta har abada.

Na biyu, a kai ta likita, ko da raunin bai yi kama da mai tsanani ba. Mai ciki kuwa kada a kwana ba a kai ta ba. A roƙi likita ya rubuta takardar abin da ya gani a jikinta, a ajiye takardar a wani gida, gama ita ce shaida in magana ta kai gaban hukuma. In fyaɗe aka yi mata, akwai maganin da yake kare mutum daga ƙwayar cutar sida, amma sai an fara shansa kafin awa 72, wato kwana 3.

Na uku, a san alamun haɗari. In ya taɓa shaƙe ta, ko ya zare mata wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ta, ko ya doke ta tana da ciki, ko dukan yana ƙaruwa, to ranta yana cikin haɗari. Masu wannan aiki a ƙasashe da yawa sun lura cewa lokacin da mace take shirin barin gidan, da kwanakin da suke biye, su ne suka fi haɗari. Saboda haka kada a gaya wa kowa inda take. In ya yiwu a kai ta wani gari.

Na huɗu, a tuna akwai hukuma. Dokar ƙasa tana hukunta wanda ya ji wa wani ciwo da gangan, aure kuwa bai ba kowa izinin haka ba. Ana iya zuwa wurin mai gari, ko jandarma, ko 'yan sanda. A shekarar 2011 an kafa hukumar da ake kira ANAJJ domin ta taimaki marasa ƙarfi a gaban shari'a. Romawa 13:4 ta nuna cewa mai mulki bawan Allah ne domin hukunta mai mugunta, don haka kai ƙara ba zunubi ba ne. Amma matar ce za ta yanke shawara. Namu shi ne mu bayyana mata hanyoyin, mu raka ta.

A Ingila, a shekarar 1971, wata mace mai suna Erin Pizzey ta buɗe wani ƙaramin gida a yammacin birnin Landan, matan da ake duka suka riƙa zuwa da 'ya'yansu suna fakewa. Daga nan irin gidajen suka yaɗu a ƙasashe da yawa. Mu a karkara ba mu da kuɗin gina irinsu. Amma kowace ikkilisiya tana iya zaɓen gida biyu ko uku na amintattun mutane waɗanda suka yarda su karɓi baƙuwa ko da tsakar dare ne.

4. Zancen biko

Bayan kwana kaɗan miji zai zo biko, da goro da taushin murya. A nan dattawa sukan yi gaggawa, domin kowa yana so a rufa asiri. Ikkilisiya tana son sulhu, gama aure abu ne mai daraja. Amma sulhun da aka yi ba tare da tuba ba, mayar da akuya ne wurin kura.

Gafara daban, komawa ɗaki daban. Mace tana iya gafartawa a zuciyarta, tana zaune inda ba hannun da zai kai gare ta. Kafin a yi maganar komawa, sai mutumin ya amsa laifinsa a gaban shaidu ba tare da ɗora mata ba. In giya ko ƙwaya yake sha, ya bari. Ya biya kuɗin magani, ya riƙa aiko da abincin 'ya'ya tun tana can. A ga halinsa wata da watanni. A tambayi matar ita kaɗai, ba a gabansa ba, gama a gabansa tsoro zai sa ta ce ta yarda. In ya ƙi jin dattawa, Matiyu 18:15-17 ta nuna matakan horon da ikkilisiya za ta bi, ko shi wane ne, ko da mai yawan baiko ne.

5. Me kike da shi a gida?

A 2 Sarakuna 4:1-7 akwai labarin wata gwauruwa wadda mai binta bashi zai ƙwace 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ta kai kuka wurin annabi Elisha. Ku lura da yadda ya yi. Ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Ta ce ba kome sai ɗan mai a kwalba. Ya aike ta ta aro tukwane wurin maƙwabta, ita da 'ya'yanta suka yi ta zubawa, Allah ya sa albarka. Sa'an nan ya ce ta sayar da man, ta biya bashin, su ci sauran.

Akwai koyarwa huɗu a nan. An fara da abin da take da shi. Maƙwabta sun sa hannu. Ita da kanta ta yi aikin. An kuma kai kayan kasuwa.

Haka kuma a Littafin Firistoci 19:9-10 an umarci manomi ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci da baƙo. Da wannan doka Rut ta ciyar da kanta da surukarta a gonar Bo'aza. Bo'aza ya ba ta wurin aiki, ya kuma gargaɗi barorinsa kada su taɓa ta. Aiki da tsaro tare suke tafiya.

Sadaka tana da lokacinta. A watannin fari, mace mai rauni da tsoro ba ta iya ciniki. A ba ta hatsi, da sabulu, da tufafi, da kuɗin magani, kyauta ba rance ba. A ga 'ya'yanta sun ci gaba da zuwa makaranta. Amma in sadaka ta daɗe, mai bayarwa yakan gaji, mai karɓa kuma takan ji kunya, har ta gwammace ta koma wurin duka. Don haka da zarar ta farfaɗo, a zauna da ita a yi mata tambayar Elisha.

6. Zaɓen sana'a

Kada a zaɓa mata. A tambaye ta abin da ta iya tun tana gidan uwarta, sa'an nan a je kasuwa a duba abin da ake saye. Ga waɗansu sana'o'i da abin lura a kan kowace.

Matsar man gyaɗa. Ana soya gyaɗa, a murje, a niƙa, a juya da ɗan ruwan zafi har mai ya fito, a soya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli. Abu biyu ke nan na sayarwa daga gyaɗa ɗaya. Ribar tana wurin saye. A sayi gyaɗa da kaka tana da araha, a adana ta inda ba damshi.

Awara. Ana jiƙa waken suya, a niƙa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami har ta haɗu, a matse, a yanka, a soya. Jarinta kaɗan ne, kuɗinta kuma yana dawowa a yini ɗaya, amma ba ta jimre ajiya. A yi daidai abin da za a sayar.

Ɗinki. Kowa shi yake fara ambata, amma koyonsa yana cin watanni da yawa, keken ɗinki kuma yana da tsada. In garin ya riga ya cika da teloli, keken zai zauna yana tsatsa. Inda babu tela mace, sana'a ce mai kyau, musamman lokacin salla da Kirsimati. A garuruwa da yawa gwamnati tana da wuraren koyon sana'a, sai a tambaya a gidan magajin gari.

Kiwo. Jar akuyar Maraɗi sananniya ce. Cikinta wata 5 ne, sau da yawa kuma takan haifi biyu. Fulani suna da wata al'ada mai kyau da suke kira habbanaye: mai dabba ya ba wanda ba shi da ita aron mace, in ta haihu 'ya'yan su zama na mai kiwo, uwar ta koma wurin mai ita. Ikkilisiya tana iya yin haka da akuya, uwar ta wuce daga wannan mace zuwa waccan. A kula da allurar rigakafi, a tanadi harawa tun da kaka.

Akwai kuma saƙar tabarma da kaba, da yin sabulu, da daddawa, da shanya zogale, da noman rani inda ruwa yake kusa, kamar yadda ake noman albasa a Galmi.

Kowace sana'a aka zaɓa, a haɗa da karatu da lissafi. Matar da ba ta iya raba uwar kuɗi da riba ba, za ta cinye jarinta tana tsammani riba take ci. A koya mata ta ware kuɗin gyaɗar gobe kafin ta sayi cefanen yau. A haɗa ta da wata gwanar sana'ar wadda za ta riƙa leƙa ta kowane mako har shekara ta kewayo. Dokas ta garin Yafa, a Ayyukan Manzanni 9:36-42, da allura da zare ta yi hidimarta, gwauraye kuwa suka nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. Kowace ikkilisiya tana da irin Dokas, sai dai ba a roƙe ta ba tukuna.

7. Jari da ajiya

A shekarar 1991, a nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE tare da matan karkara suka fara asusun da ake kira Mata Masu Dubara. Sun ɗora shi a kan adashin da iyayenmu mata suka saba yi. Daga nan tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da na waje.

Ga yadda yake tafiya. Mata wajen 15 zuwa 30 suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yarda. Kuɗin yana cikin akwati mai kwaɗo 3, makullan suna hannun mata 3 daban, akwatin kuma yana wurin wata. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Mai bukata ta ɗauki rance ta yi sana'a, ta mayar da ɗan ƙari yadda suka shirya. Akwai kuma ɗan asusu na daban domin ciwo ko rasuwa. In shekara ta kusa cika, sai a raba.

Bari mu yi lissafi. In mata 20 suka zuba dala 20 kowace a mako, jika 2 ke nan. Cikin mako 40 sun tara jika 80, ban da ƙarin rance. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga matar da aka zalunta, asusun nan yana da amfani biyu. Kuɗinta yana inda ba mai iya ƙwace shi, gama wani miji in ya ga matarsa ta fara samu sai ya sa hannu. Kuma kowane mako tana cikin mata 'yan'uwanta, in ba su gan ta ba za su tambaya. Amma kada a fara ta da bashi. Kayan aikin fari, kamar kasko, da tukunya, da tiya kaɗan na gyaɗa, a ba ta kyauta. Rance sai ta tsaya da ƙafarta.

8. Shirin ikkilisiya

A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka ga ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na kullum, manzanni suka sa a zaɓi mutum 7 masu kyakkyawan suna su riƙe aikin. Taimako yana bukatar tsari. In an bar shi ga kowa, ba wanda zai yi.

A zaɓi mutum 3 ko 5, mata su fi yawa, masu riƙon asiri. A ranar godiyar kaka a ware damman hatsi domin wannan aiki. In ikkilisiya tana da gona, a yanka wa matar wani gefe, samari su taimake ta da noma. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta wa jama'a, amma ba tare da sunan kowa ba. Kada namiji ya kai wa matar taimako shi kaɗai, kada kuma wani ya nemi wani abu a wurinta saboda abin da ya ba ta. In maƙwabciyarmu Musulma ce ta zo, a taimake ta kamar tamu, ba da sharaɗin ta shigo majami'a ba. Basamariyen nan bai tambayi addinin mai rauni ba.

A riƙa koyar da wannan a fili. Ranar 13 ga Mayu ita ce ranar matan Nijar, domin tunawa da tattakin da mata suka yi a Yamai a shekarar 1991. Ranar 25 ga Nuwamba kuma, tun shekarar 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ta domin yaƙi da cin zarafin mata. Lahadin da ke kusa da ranakun nan ya dace da wannan darasi.

9. Gare ku, maza da iyaye

Ya ɗan'uwana, in hannunka ya saba da duka, Allah yana gani ko da ƙofa tana rufe. 'Ya'yanka ma suna gani, ɗanka kuwa zai yi wa matarsa abin da ya ga kana yi wa uwarsa. Ka nemi dattijo yau ka faɗa masa gaskiya. In fushi ya taso maka, ka fita daga gidan har ya sauka. Akwai gafara ga mai tuba, amma tuba ana ganinta a aiki.

Ku iyaye, kada ku fitar da 'yarku daga makaranta saboda sadaki. Ku koya mata sana'a kafin aure. Ranar da za a kai ta, ku gaya mata a gaban mijin cewa ƙofar gidan ubanta a buɗe take.

Ke kuma 'yar'uwa da kike cikin wannan wahala, laifin duka yana kan mai duka. Neman tsira ba rashin bangaskiya ba ne. Ki gaya wa mace ɗaya wadda kika amince da ita.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Mene ne bambancin saɓani da zalunci?
2. In mace ta zo gidanku da dare da rauni, wane abu huɗu za ku yi?
3. Me ya kamata a gani a wurin miji kafin a yi maganar komawa?
4. Wace sana'a ce take da kasuwa a garinku, wa kuma zai iya koyar da ita?
5. Dami nawa gidanku zai iya warewa da kakar bana?

Addu'a

Ya Ubangiji, ka dubi 'ya'yanka mata masu kuka a ɓoye. Ka ba masu zalunci zuciyar tuba. Ka buɗe gidajenmu da rumbunanmu, ka sa albarka a aikin hannun kowace mace mai neman abincin 'ya'yanta. Cikin sunan Yesu Almasihu, amin.